Tambayoyi da amsoshi: yadda makarantun unguwa ke haɗa kai don yara masu buƙata ta musamman

Wai me ake nufi da a haɗa su aji ɗaya da sauran yara?

Ana nufin yaro makaho, ko kurma, ko gurgu, ko wanda ke ɗaukar karatu a hankali, ya yi karatu a makarantar unguwarsu tare da sa'anninsa ba sai an kai shi can nesa ba. Tun 1994 ƙasashe suka amince da haka a taron Salamanca na ƙasar Sifen, mu kuma nan dokar hana wariya ga masu nakasa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce dole makarantun gwamnati su karɓe su, su kuma tanadi wanda aka horar zai kula da su.

To me ya kawo maganar haɗin makarantu?

Ai nan gizo ke saƙa. Firamare ɗaya a Rigasa ko Tudun Wada a Kaduna da aji ya cika maƙil har wasu na zaune a ƙasa, ina za ta samo malamin da ya iya maganar hannu, ga na rubutun makafi, ga kayan aikin da tsada? Amma in makarantu biyar ko shida na kusa suka zama kulasta ɗaya, wato rukuni guda, sai a samu ƙwararren malami guda yana zagayawa, yau yana nan gobe yana can, kuma aikinsa ba wai ya ɗauke yaron ya koyar da shi shi kaɗai ba ne, a'a, ya zauna da malamar aji ya nuna mata yadda za ta dawo da mai raunin gani gaba kusa da allo, ta riƙa fuskantar kurma in tana magana don ya ga bakinta, ta ƙara wa mai jinkiri lokaci ranar jarrabawa. Kayan birel, wato rubutun makafi, ma haka, a ajiye wuri ɗaya ana aro.

Sabon abu ne a Kaduna?

A'a. Shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 ya yi aiki da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wajen horar da malamai rukuni-rukuni da kuma ƙarfafa kwamitocin SBMC, wato na iyaye da al'umma masu kula da makaranta.

Iyaye fa, ina nasu?

Su ne kan gaba wallahi. Yara da yawa suna ɓoye a gida, wasu don kunya wasu don tsoron tsokana. Matan SBMC da mai unguwa da liman su suka san gidajen, hedimasta ba zai sani ba.

A ina abin ya fi lalacewa?

Ni a ganina wajen shiga ƙaramar sakandare. Yaro ya yi shekara shida malamai sun gane shi, ya wuce zuwa aji ɗaya na sakandare babu wanda ya miƙa bayaninsa, sai a koma farko, ana ce masa daƙiƙi alhali ji ne kawai ba ya yi sosai. Shi ya sa dole sakandaren unguwar ta kasance cikin kulastar. Sai kuma kuɗin mota na malamin da ke zagaye, in babu shi cikin kasafi zagayen ba ya daɗewa.

Ɗana na da lalura, daga ina zan fara?

Ki je wurin hedimastan makarantar da ta fi kusa da ku tare da yaron da takardar asibiti in akwai. In aka ƙi karɓarsa ki kai maganar ga shugaban SBMC, daga nan sai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku.