Duba-gari, fiya-fiya da shinkafar ɓera: me doka ta ce?

Yawancinmu a Katsina, da sauro ya hana barci ko ɓera ya fasa buhun gero, tunaninmu na farko shi ne wane magani za a saya. Doka kuwa ta wani gefen ta ɓullo wa abin. A wurinta, laifin farko shi ne barin abin da ke tara sauro da ɓera a gidanka. Maganin da muke rugawa wurinsa shi ne ma abin da ta fi ɗaure wa ƙafa.

Mu fara da duba-gari, tunda su ne fuskar dokar a unguwa. Aikinsu ya samo asali tun zamanin Turawa, kuma dattawa na tuna yadda ake buɗe randa a leƙa ko akwai tsutsar sauro. A yau jami'an lafiyar muhalli ne masu rajista. Dokar tarayya ta 2002 ce ta kafa majalisar da ke yi musu rajista, aka gyara ta a 2022, yanzu ana kiranta EHCON. Akwai kuma ƙa'idojin aikin lafiyar muhalli na ƙasa na 2016 da suke bi. Jami'i yana da ikon shiga gida, shago, gidan abinci ko gidan burodi ya duba, bayan ya nuna katin shaidarsa. Idan ya tarar da kwatami ya toshe, ko juji a bayan ɗaki, ko masai a buɗe, zai ba da takardar gargaɗi mai ɗauke da abin da za a gyara da wa'adin gyarawa. Wa'adi ya cika ba a yi ba, sai kotu. Tara kotu ce ke yanke ta, ba a soro ake sasantawa ba, kuma duk wanda ya nemi a damƙa masa kuɗi a hannu ba rasit, ba aikin doka yake yi ba.

Me ya sa ruwa kwance ya zama abin tuhuma? Saboda sauro ba ya haihuwa sai a ruwa, kuma a zafi irin namu, daga ƙwai zuwa sauro mai cizo bai wuce mako ɗaya zuwa biyu. Kowane iri da wurin da ya fi so. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ruwan sama da ya kwanta a rana: kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar gini aka bari, sawun tayar mota. Wanda ke cika kunne da kuka da daddare ya fi yawa a ƙazamin ruwan kwata. Na ukun, mai yaɗa shawara, tsohuwar taya da gwangwani da duro marar murfi sun ishe shi. Shi ya sa maƙwabci da ya zuba yashi da bulo a kan magudanar ruwa ya toshe ta bai da hujjar cewa ai ƙofar gidansa ce. Sauron da ya ƙyanƙyashe a nan layin gaba ɗaya zai ci.

Kwashe shara da kula da kasuwanni da banɗakunan jama'a aikin ƙaramar hukuma ne a tsarin mulki na 1999, jiha kuma tana da hukumar kare muhalli, SEPA. Cikin gida da bakin ƙofa na mai gida ne, ko mazaunin gidan.

Yanzu ga inda aka fi taka doka ba a sani ba. Duk maganin ƙwari da ake sayarwa a Najeriya dole ya sami rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da lamba a jikin kwalba, da bayanin abin da ke ciki da yadda ake amfani da shi. A 2019 hukumar ta hana shigo da ƙananan kwalabe masu mililita 100 na sinadarin dichlorvos na gona da haɗa su, wato irin su Sniper, ta hana sayar da su a kasuwa da manyan kantuna, ta hana tallar maganin ƙwari a titi. Maganin gona sai a wurin dilolin kayan noma da hukumar ta amince da su. Ɗaya daga cikin dalilan a fili yake: abu ne da aka yi don feshin gona a sarari, mutane suka mayar da shi na ɗakin kwana.

To ina fiya-fiya? Ba ta da rajista, ba ta da takarda, wanda ya haɗa ta kaɗai ya san abin da ya zuba, kuma galibi wannan sinadarin ne aka sirka. Ana ɗura ta a tsohuwar robar lemo, abin da yaro ya saba kai wa baki. Ni dai a ganina mai haɗawa ya fi mai saye laifi nesa ba kusa ba, don shi ya san abin da yake sayarwa, mai saye kuwa sauƙin kuɗi ya bi. Amma arha ba ta canza hukuncin ba: sayar da ita haramun ne a doka. Haka mai yawo da tanki a baya yana feshin gidaje don kuɗi, shi ma sai da lasisin EHCON. Tambaye shi takardarsa, da sunan abin da zai fesa, da awa nawa za a bar ɗaki a buɗe kafin yara su shiga. Wanda ya kasa amsa ukun nan kada ya taka maka tsakar gida.

Batun ɓera ya fi zafi da rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da zazzaɓin Lassa ke tashi. An fara gane cutar a 1969 a garin Lassa na Borno, kuma fitsari da kashin wani nau'in ɓera ne ke kai ta cikin abinci. Don haka abin da duba-gari ke nema a rumbu da shagon hatsi shi ne buhu a kan katako ba a ƙasa ba, mazubi mai murfi, ramuka a toshe, ba a shanya abinci a bakin hanya. Shinkafar ɓera da ake warwatsawa a ƙarƙashin gado ta fi kusa da hannun yaro mai rarrafe da bakin kaza fiye da bakin ɓera. In har za a sa, a sa mai rajista, a wurin da yaro ba zai kai ba, mushen kuma a ɗauke shi da leda a hannu a binne.

'Yan hatsi su ma dokar ta taɓa su. Zuba maganin gona a cikin wake don kada ya yi ƙwari laifi ne, kuma ragowar dichlorvos ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya a 2015. Ƙwayar nan da ake jefawa a buhu iska mai guba take fitarwa, ba a ajiye ta a ɗakin da mutum ke kwana. Buhu mai leda a ciki da ake ɗaurewa tamau yana kashe ƙwarin ba tare da magani ba.

Idan tsautsayi ya sa wani ya sha ko ya shaƙa, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A fitar da shi iska, a cire tufar da maganin ya jiƙa, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu, don likita ya ga sunan sinadarin ya san abin da zai ba shi.