Jinyar Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa: Alaƙar Nas da Majinyaci da Wayar da Kan Matasa a Kano

Jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa reshe ne na aikin jinya da ke kula da masu taɓin hankali, ciwon damuwa, fargaba mai tsanani da lalurorin da shaye-shaye ke haifarwa. A Najeriya nas kan fara samun shaidar jinya ta gama-gari, sannan ta ƙara karatu na musamman kafin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda aka kafa a 1979, ta yi mata rajista a wannan fanni. Maza ma suna da yawa a cikinsa. Daga cikin batutuwan da masu bincike suka fi komawa kansu akwai biyu: irin alaƙar da ke ƙulluwa tsakanin nas da majinyaci, da yadda za a koya wa matasa sanin lafiyar ƙwaƙwalwa tun ciwo bai yi nisa ba.

Asalin tunanin

Wadda ake dangantawa da kafa harsashin wannan ilimi ita ce Hildegard Peplau, nas 'yar Amurka da ta rayu daga 1909 zuwa 1999. A littafin da ta fitar a 1952 ta ce zaman nas da majinyaci shi kansa magani ne, ba share fagen ba da ƙwaya kaɗai ba. Ta raba alaƙar mataki-mataki: lokacin sabo, inda kowa baƙo ne ga ɗan'uwansa, lokacin aiki, inda majinyaci ke dogara da nas yana kuma koyon tsayuwa da ƙafarsa, sai lokacin rabuwa, wanda a ganinta dole a shirya masa tun da wuri, don kada sallama ta zame wa majinyaci tamkar an yashe shi. A 1979 masanin halayyar ɗan'adam Edward Bordin ya ƙara fayyace abin. Ya ce alaƙar da ke warkarwa tana buƙatar a daidaita kan inda aka dosa, a daidaita kan abin da kowa zai yi, sannan a samu yarda.

A Najeriya an riga an gwada wani abu mai kama da wannan. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majinyata ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani nasu, suna zuwa asibiti da rana, har ma da masu maganin gargajiya aka riƙa aiki. Ga mai aiki a ƙasar Hausa, tsarin Lambo ya fi kusa da abin da yake gani kullum fiye da hoton mutum biyu a ɗaki a rufe.

Abin da bincike ya nuna

A 1972 Annie Altschul ta wallafa sakamakon zaman da ta yi tana lura da ɗakunan masu taɓin hankali a Sikotland. Ta tarar lokacin da nas ke yi ita da majinyaci su kaɗai kaɗan ne ƙwarai. Binciken da ya biyo baya a ƙasashe daban-daban ya yi ta maimaita wannan: rubuce-rubuce, rabon magani da tsaron ƙofa suna cinye yawancin yini.

Inda aka samu lokacin kuwa, ana ganin amfaninsa. Wani nazari na 2018 da ya haɗa bincike kusan 300 kan magani ta hanyar tattaunawa ya samu alaƙa matsakaiciya amma tabbatacciya tsakanin kyawun dangantaka da samun sauƙi. Yawancin waɗannan binciken kan masana halayyar ɗan'adam aka yi su, ba kan nas-nas ba, kuma akwai mai cewa ai wanda ya fara samun sauƙi shi ne ke yabon mai kula da shi. Shi ya sa gwajin Safewards da Len Bowers ya jagoranta a Ingila yake da nauyi. An yi shi ne da ma'aikatan jinya a ɗakunan kwantar da masu taɓin hankali 31, aka fitar da sakamako a 2015. Matakai goma ne marasa tsada, kamar tausasa harshe, sanin juna tsakanin ma'aikata da majinyata, da sanin yadda za a isar da mummunan labari. Rigingimu a ɗakunan da suka bi tsarin sun ragu da kusan kashi 15 cikin 100, ɗaurewa da killacewa ma suka ragu.

Yadda abin yake a Kano

Manyan wuraren da ake wannan jinya a Kano su ne asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke kan hanyar Katsina da sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sai Jami'ar Bayero da ke koyar da ilimin jinya. Sunan Dawanau kansa ya zama abin tsokana a bakin yara, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa iyali su jinkirta zuwa.

Da wuya majinyaci ya zo shi kaɗai. Uwa ce ko yaya ko kawu ke riƙe da kati, shi ke sayen magani, shi zai kwana da shi, shi kuma zai yanke shawarar ko a ci gaba da allurar wata-wata ko a bari. Saboda haka alaƙar da nas ke ginawa ta mutum uku ce ko fiye. Sau da yawa akwai wani na huɗu da ba ya wurin: malamin da ya yi ruƙiyya ko ya ba da rubutu, ko mai maganin gargajiya da aka fara zuwa wurinsa. Wani bincike da aka wallafa a 2004 kan manya 250 a ƙauyen Karfi, kusa da Kano, ya samu cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗora laifin taɓin hankali kan shaye-shaye, sai masu cewa ƙaddara ce ko fushin Allah, sai masu cewa sammu ne ko aljanu. Kusan rabinsu sun ce asibiti za su fara zuwa, amma masu fifita maganin malamai ma ba kaɗan ba ne.

Nas da ta san aikinta ba ta buɗe baki da musu kan aljanu. Idan dattijo ya ce, "Sista, an ce iska ce ta taɓa yaron," takan amsa da cewa, "To Baba, Allah ya ba shi lafiya. A ci gaba da addu'a, amma kada a tsallake ƙwayar dare ko sau ɗaya. Idan kuka ga wuyansa ya sandare ko miyau na zuba, ku dawo da shi, gyara maganin za a yi." Maganar ƙarshen nan tana da muhimmanci, domin taurin jiki, rawar hannu, yawan barci da ƙiba na daga cikin illolin magungunan, kuma su ne ke sa iyali su ce maganin asibiti ya ƙara masa ciwo. Wanda aka faɗa masa tun farko yakan dawo. Wanda ba a faɗa masa ba sai a neme shi a rasa.

Kunya ma tana da nata rabon. Budurwa ba za ta faɗi abin da ke cin ranta a gaban mahaifinta ba, matar aure ba za ta yi ƙorafin miji a gaban uwar miji ba. An tambayi yarinya, uwa ta amsa. Dabarar da aka saba ita ce a saurari babba har ya gama, a girmama shi, sannan a ce, "Mama, ɗan ba mu wuri zan auna ta." A cikin mintocin nan ne ake jin cewa ba ta barci, ko aure ake son yi mata ba ta so, ko ta taɓa tunanin halaka kanta. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa ba ta cusa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. Bincike ya sha tabbatar da haka.

Akwai kuma tabon da ake gadowa daga waje. A 2019 jami'an tsaro sun buɗe gidajen mari a Kaduna da Katsina da wasu wurare, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa, abin da ya sa hukumomi a Kano ma suka ɗauki matakin rufe irinsu. Wanda ya taɓa shan mari ba ya saurin yarda da ma'aikacin asibiti. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 kuma ta tanadi haƙƙoƙin majinyaci. Sai dai a ɗakin da nas ɗaya ke tsaron dare da majinyata masu yawa, ƙarancin ma'aikata ne ke yanke hukuncin yawan lokacin da kowa zai samu.

Matasa da makaranta

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan lalurori na farawa ne kafin shekara 14. A Kano batun ya cakuɗe da shaye-shaye. Binciken ƙasa na 2018 da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya tallafa ya samu kashi 14.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. A watan Mayun 2018 ne gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tiramadol, wiwi da sholisho kuwa suna nan.

Manufar wayar da kan, kamar yadda Anthony Jorm da abokan aikinsa suka tsara ta a Ostireliya a 1997, ita ce mutum ya gane alamun ciwo, ya san inda ake neman taimako, ya kuma daina ƙyamar mai fama da shi. Stan Kutcher na Kanada ya mayar da wannan manhajar aji, wadda aka gwada har a Malawi da Tanzaniya. A Najeriya aikin da ya fi fice ya fito ne daga Ibadan, inda Farfesa Olayinka Omigbodun da ɗalibanta suka gwada gajerun darussa a makarantun sakandare. Sanin ɗalibai ya ƙaru, amma sauya hali da rage gudun mai ciwo ya fi wuya.

Manyan gwaje-gwaje sun nuna ba kowane darasi ke aiki ba. Wani shiri da aka gwada kan ɗalibai kusan 11,000 a ƙasashen Turai goma, aka wallafa a 2015, ya rage yunƙurin kashe kai da kusan rabi bayan shekara guda. Shirin na wasan kwaikwayo ne da tattaunawa, ɗalibai ke magana. A Ingila kuwa, gwajin da aka yi kan ɗalibai sama da 8,000 na koyar da natsuwar zuciya a aji, wanda ya fito a 2022, bai fi darasin da aka saba ba. Na jihar Bihar ta Indiya, a 2018, ya fi kama da halin makarantun Kano: inda aka kawo mai ba da shawara na musamman, yanayin makaranta ya gyaru, cin zali da alamun damuwa suka ragu, inda aka ɗora wa malamin aji aikin, ba a ga canji ba. Dalilin ba shi da wuyar hasashe. Malami na da nasa darasin, kuma ɗalibi ba ya kai sirrinsa wurin mai riƙe da bulala.

Nan ne batun makaranta ya haɗu da batun alaƙa. Lacca ta yini ɗaya a filin taro, da lasifika da baƙi a kan kujeru, takan bar ɗalibai da sunayen cututtuka amma ba ta bar musu mutumin da za su je wurinsa ba. Nas ta makarantar kwana, wadda ɗalibai ke zuwa wurinta da ciwon kai da ciwon mara, tana da damar da baƙo ba shi da ita. Ita za ta lura da yarinyar da ke dawowa kullum da ciwon ciki ba tare da an ga komai ba, ko yaron da ya daina cin abinci gab da jarrabawa. Ita ce kuma ake kira idan 'yan mata suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya aka ce aljanu ne. Abin da ake koya wa ma'aikata a irin wannan hali shi ne a raba waɗanda abin ya shafa da taron 'yan kallo, a duba ko akwai farfaɗiya ko zazzaɓi, a kwantar da hankalin sauran, a kuma yi magana da iyaye ba tare da izgili ba.

Shirin da ya tsaya a makarantar boko kaɗai zai bar matasa da yawa a baya: almajiran tsangaya, yaran da ke koyon sana'a a Kantin Kwari da Sabon Gari, da 'yan matan da aka aurar da wuri. Hanyar isa gare su ta bi ta Islamiyya, ta alarammomi da limamai, ta rediyo, da asibitocin unguwa inda ake awon ciki. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 don ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba an tsara ta ne domin irin waɗannan ƙananan asibitoci, kuma Najeriya ta daidaita ta da yanayinta. Tana koya wa nas ta asibitin unguwa yadda za ta gane ciwon damuwa, farfaɗiya da taɓin hankali, wanda za ta iya kula da shi da kanta, da wanda za ta rubuta wa takarda zuwa babban asibiti.