Waiwaye: Dattin Titi da Ƙananan Ramukan Kwantar da Laka

Tun daga 2020, lokacin da masu bincike a jihar Washington ta Amurka suka gano cewa wani sinadari da ke fita daga goguwar taya ne ke kashe kifin salmon a rafukan birni, muhawara kan ruwan da ke wanke kwalta ta ƙara zafi. Tambayar da ake ta nanatawa ita ce ko ƙananan ramukan da ake binnewa a gefen titi domin laka ta kwanta kafin ruwa ya wuce suna biyan buƙata. Matsalar dai ta girmi wannan muhawara nesa ba kusa ba.

Farkon labarin sananne ne. Magudanan da aka haƙa a Landan bayan ɗoyin Kogin Thames na 1858, da ire-irensu a wasu biranen, manufarsu ita ce a kawar da ruwa daga gari cikin gaggawa. Dokar tsabtar ruwa ta Amurka ta 1972 ta fi mayar da hankali kan masana'antu da ruwan najasa, sai gyaran 1987 ya shigo da ruwan sama sosai.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne takardar da wani injiniya, Allen Hazen, ya fitar a 1904. Ya ɗora ne a kan lissafin George Stokes na 1851, wanda ya nuna cewa idan kaurin ƙwayar yashi ko laka ya ragu sau goma, saurin nutsewarta yakan ragu sau ɗari. Ƙwayar yashi mai kauri milimita 0.1 kan nutse mita ɗaya cikin kusan minti biyu, amma wadda ba ta wuce milimita 0.01 ba sai ta ɗauki kimanin awa uku, kuma wannan a ruwan da yake kwance ne, ba mai gudu ba. Hazen ya nuna cewa yawan lakar da rami zai kama ya dogara ne da faɗin fuskarsa idan aka gwada da ruwan da ke shiga, ba da zurfinsa ba. A nan gizo ke saƙar, domin faɗi shi ne ainihin abin da birnin da aka riga aka gine ba shi da shi. A ganina, duk dabarun da suka biyo baya, kamar jera faranti a karkace cikin rami ko sa ruwa ya riƙa juyawa kamar guguwa, ƙoƙari ne na samo faɗin da ba a bar wa ruwa ba tun ranar da aka shata titunan.

Ga shi kuma tsakuwa da yashin da ke saurin kwanciya ba su ne suka fi illa ba. Jan ƙarfen da ke fita daga birki da garin taya sun fi maƙalewa a ƙura mai laushi, shi ya sa a Jamus ake auna gurɓatar ruwan titi da ƙwayoyin da ba su kai milimita 0.063 ba. Abin da ya riga ya narke a ruwa kuwa ba ya kwanciya ko kaɗan, sai dai a tace shi, misali ta cikin ƙasa da saiwoyin tsirrai. Ramin da aka daɗe ba a yashe ba kuma, ruwan sama mai ƙarfi guda ɗaya kan tayar da lakar da ya tara wata da watanni ya tura ta kogi.