Ziyarar dutse mai aman wuta: tambayoyi kan Kilauea

Da gaske ana barin mutane su je kusa da shi?

Ƙwarai kuwa. Kilauea yana tsibirin Hawaii na Amurka, cikin gandun da gwamnati ta keɓe tun 1916, tare da maƙwabcinsa Mauna Loa mai tsayin mita 4,169. Ƙofar gandun a buɗe take dare da rana, kuma mota na kai mutum har dab da bakin ramin.

Ba a gudun ya fashe da jama'a?

Yawanci aman Kilauea malala yake yi kamar narkakkiyar dalma. Tun 1912 kuma akwai cibiyar da masana ke auna girgizar ƙasa da kumburin dutsen. Amma ba abin raini ba ne: a 2018 amansa ya cinye gidaje sama da 700 a yankin Puna, bakin ramin ya rufta, aka rufe yawancin gandun na tsawon watanni.

To mene ne ainihin haɗarin?

Ni dai hayaƙin ya fi ba ni tsoro a kan wutar. Warinsa kamar na ashanar da aka ƙyasta, yana shaƙe maƙogwaro, shi ya sa ake gargaɗin masu asma da ciwon zuciya, da masu juna biyu, da ƙananan yara. Akwai kuma wasu siraran zaruruwa masu ruwan zinariya da iska ke kwasowa, ana ce musu gashin Pele, wato allahiyar aman wuta a addinin gargajiyar Hawaii. Gilashi ne zalla, yana soke fata, balle ido. Sai gaɓar ramin, wadda kan zabtare ba sallama. Duk inda ka ga an gitta igiya, don Allah ka tsaya a nan, hoto bai kai rai ba.

Yaushe ya fi kyan gani?

Da dare ko da asuba, lokacin da jan wutar ke haske gajimare. Ka riƙo rigar sanyi da tocila, don wurin ya kai tudun mita 1,200.

In na tarar ya lafa fa?

Ba ka yi asarar tafiya ba. Sauka ka taka ƙasan ramin Kilauea Iki, wanda a 1959 tafkin wuta ne. Yau baƙin dutse ne mai tsattsagewa, ga 'yan itatuwa masu jan fure sun tsiro a cikin tsagar.

Zan iya ɗauko tsakuwa ɗaya tsaraba?

A'a, doka ta hana. Ga 'yan asalin Hawaii kuma, ramin Halemaumau da ke ƙololuwar Kilauea mazaunin Pele ne, wuri mai alfarma da har yau suke kai wa ziyara da waƙoƙinsu na gargajiya.