Ma'anar "gyara" a aikin labarai da ladubbanta

A bakin ƴan jarida da ma'aikatan gidajen rediyo, "gyara" ita ce sanarwar da mai labari ke fitarwa da kansa bayan maganarsa ta riga ta isa ga jama'a, yana cewa wuri kaza na yi kuskure, ga daidai. Waɗanda suka yi lakkol sun san ta da sunan erratum. Abin da edita ya kama kafin a buga ko a karanta, wannan tacewa ce. Ba a kiran abu gyara sai in magana ta fita.

Masu kwafar littattafan addini da hannu sun daɗe da wannan ladabi. In mai kwafa ya tsallake kalma, yakan rubuta ta a gefen shafi ya sa mata alamar "sahha", duk wanda ya buɗe littafin ya ga inda aka yi tuntuɓe da yadda aka daidaita. Abin da ake nema ga mai labari ke nan: ya bar sawun gyararsa a fili. Wanda ya goge kuskure a ɓoye ya tsare mutuncinsa ne kawai, waɗanda suka riga suka ji kuwa suna nan riƙe da abin da ba daidai ba.

Gyara mai kyau takan faɗi ranar da labarin ya fita, da abin da aka ce, da abin da yake daidai. A ce wakili ya je babbar kasuwar Maraɗi ranar Litinin, mai awo ya ce masa tiyar gero dala ɗari da hamsin, shi kuma ya rubuta sefa 150, ya manta dala ɗaya sefa biyar ce. Sai a ce: "A labaran yammacin Litinin mun ce tiyar gero sefa 150 ce. Kuskure ne daga gare mu, sefa 750 ce." Jimla biyu sun isa. Kalmar "an samu ɗan kuskure" ba ta wadatar, domin ba ta nuna wa mai saurare wane adadi zai jefar ba.

Wuri da lokaci su ne inda aka fi yin ha'inci. Kuskuren da ya fita a labaran Hausa na dare ba a gyara shi a shirin Faransanci na rana, don masu sauraren ba ɗaya ba ne. Wanda ya fita a shafin farko ba a cusa gyararsa can ƙasan shafin ƙarshe. A WhatsApp ana iya sauya saƙo cikin minti 15 da aika shi, amma kwafin da aka riga aka tura wa wasu ba ya sauyawa, saboda haka dole a aika sabon saƙo a roƙi jama'a su tura shi inda suka tura na farko.

Ba kowane kuskure ke son sanarwa ba. Harafin da ya faɗi ana mayar da shi shiru, sai fa in ya juya ma'ana, kamar a rubuta "kasa" a wurin "ƙasa" ko "baki" a wurin "baƙi". Suna, sarauta, adadi da wuri kuwa ba a yi musu shiru. Tibirin Gobir da ke kusa da Maraɗi daban take da Tibirin jihar Dosso. Sanarwar rasuwa ta fi kowace nauyi: in an ambaci mai rai, a fara kiran iyalinsa a ba su haƙuri kafin a koma kan iska. In zargi ne aka jingina wa wanda bai ji ba bai gani ba, a wanke shi da sunansa ba tare da an sake zayyana zargin ba.

Gyara daban take da janyewa, wadda ake yi in tushen labarin gaba ɗaya ya rushe. Daban take kuma da haƙƙin mayar da martani, inda wanda aka ambata ne ke kawo nasa bayanin, haƙƙin da dokar ƴancin jarida ta Nijar mai lamba 2010-035 ta 4 ga Yunin 2010 ta tanada.

Shi ma wanda ya hango kuskuren akwai ladabi a kansa. Liman in ya yi mantuwa, "subhanallah" kawai ake ce masa, sallah ta ci gaba. A fara tuntuɓar mai rubutun shi kaɗai, da hujja a hannu: "Allah gafarta Malam, na ga an sa Talata, a takardar gayyatar kuwa Laraba ce." Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka a tsaya kan kalmar da ta kauce, kada a taɓa iliminsa ko asalinsa. In an kwana biyu bai gyara ba, kuma kuskuren na iya sa mutane asarar kuɗin mota ko saɓa ranar jana'iza ko ta biki, to a lokacin ya halatta a faɗa a bainar jama'a.