Waiwaye: ƙanjamau a Kano, daga raɗa zuwa takardar gwajin aure

Yanzu idan za a ɗaura aure a Kano, kafin a zo kan maganar sadaki sai ka ji an ce ina takardar gwaji, kuma ba wanda yake jin wani abu, an saba. A watan Mayun 2024 ne Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa masu shirin aure gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da na sikila da sauransu. Yaran yanzu gani suke kamar dama can haka abin yake. Mu da muka yi wayo a shekarun 1990 mun san lokacin da ko sunan ciwon ba a iya faɗa da ƙarfi, sai dai ka ji an rage murya an ce wane fa "kabari salamu alaikum" ce ta kama shi, shikenan an gama da shi tun yana da ransa.

A 1981 likitoci a Amurka suka fara ba da rahoton wasu samari da garkuwar jikinsu ta rushe ba a san dalili ba, a 1983 masu bincike a Faransa suka gano ƙwayar cutar. Najeriya ta sanar da nata na farko a 1986. Amma a nan gari ba wanda ya ɗauka da gaske, wasu su ce ciwon Turawa ne, wasu su ce ƙarya ce aka ƙirƙiro don a hana mu haihuwa, wanda kuma ya kwanta ya rame sai a ce sammu ne ko jifa, a yi ta yawo da shi gidan masu magani har ƙarfinsa ya ƙare. Shi kansa sunan da muka ba ciwon daga ramar ya samo asali, mutum ya ƙanjame. Wannan suna ya yi mana illa ba kaɗan ba, don har gobe akwai mai ganin in dai mutum yana da ƙiba da sheƙi to lafiyarsa ƙalau, alhali ƙwayar tana iya shekara da shekaru a jiki ba alama ko ɗaya.

Abin da ya fara girgiza ƙasar nan shi ne 1997, lokacin da mawaƙin nan Fela Kuti ya rasu, yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti wanda tsohon ministan lafiya ne ya fito gaban 'yan jarida ya faɗi abin da ya kashe ƙanin nasa. Alƙaluman da ake tattarawa a wajen awon ciki sun nuna kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, kafin 2001 sun kai 5.8.

Sai dai mu Kanawa muna da namu dalilin na rashin yarda, kuma ba zan ce duk jahilci ba ne. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya sa yara kusan 200 a gwajin maganin Trovan a garin nan, wajen rabinsu aka ba Trovan ɗin, 11 cikin yaran gwajin suka rasu, aka yi ta shari'a shekaru. Wanda ya ga wannan, da ka zo masa da allura ko gwajin jini kyauta dole ya yi turus. Shi ya sa da aka fara raɗe-raɗin cewa an sa ƙanjamau da maganin hana haihuwa a rigakafin shan inna a 2003 mutane suka karɓa hannu biyu, har jiha ta dakatar da rigakafin sai 2004.

Magani ne ya canza lissafin. Tun 1996 aka gano haɗa magunguna uku yana danne ƙwayar, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Gwamnatin Obasanjo ta fara rabawa da rangwame a 2002, tallafin Amurka na PEPFAR ya shigo a 2004, daga 2006 aka mai da shi kyauta, asibitoci irin su Malam Aminu Kano da Murtala suka zama wajen karɓa. Yau ƙwaya ɗaya ce a rana ga yawancin mutane. Wanda yake sha a kan ƙa'ida har ƙwayar ta daina fitowa a awon jini ba ya sa wa matarsa ko mijinta, mai ciki in ta fara sha da wuri za ta haifi ɗanta lafiya da yardar Allah. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 ne, mutum wajen miliyan 1.9, Kano kuma ƙasa da kashi ɗaya, amma ku tuna yawanmu, ƙasa da kashi ɗaya a Kano dubban gidaje ne.

Gwajin aure kuwa auren zawarawa ne ya share masa hanya. Da Hisbah ta fara aurar da su a 2012 ta sa gwaji ya zama sharaɗi, malamai suka kafa hujja da hadisin nan na babu cuta babu cutarwa, mutane suka ga ashe ba cin fuska ba ne. Ni ina goyon bayan dokar ɗari bisa ɗari. Damuwata ita ce hannu nawa takardar take bi kafin ta isa gaban liman, kawu ya gani, waliyyi ya gani, abokin ango ya leƙa, in sakamako bai yi daɗi ba kafin magariba unguwa ta ɗauka. Akwai dokar tarayya ta 2014 da ta hana tsangwamar masu ɗauke da cutar da tona musu asiri, amma wace yarinya ce za ta kai ƙarar kawunta? Kuma tsoron wannan tonon sililin ne yake tura wasu neman takardar bogi, ka ga an koma gidan jiya.

Mata ne suka fi shan wuya a nan wallahi. Ita ce take zuwa awo, don haka ita ake fara ganowa, sai a ce ita ta kawo, maigida ya ƙi zuwa a gwada shi, wani ma ya miƙa mata takardar saki ya je ya auro wata. A layinmu akwai baiwar Allah da mijinta ya rasu muna yara, aka daina sayen ƙosanta, aka ware mata kwano a gidan biki, mu ma aka hana mu wasa da 'ya'yanta, abin yana damuna har yau. Ba zina kaɗai ke kawo ciwon nan ba, akwai ƙarin jinin da ba a tantance ba, akwai allura ɗaya da ake yi wa mutum biyu, akwai wanda aka haifa da shi, wasunsu yanzu sun isa aure kuma su ma layin gwajin nan za su bi.

Ga kuma sabuwar fargaba. A Janairun 2025 Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje, kuma kaso mafi yawa na maganin da ake sha a Najeriya da kuɗin waje ake sayensa. Gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani a watan Fabrairu, wanda in ka auna da yawan masu sha ba zai kai ko'ina ba. Shi kuma maganin nan ba a yi masa hutu, in aka tsaya ƙwayar dawowa take, wani lokacin ma ta daina jin wanda aka saba sha sai an koma wani mai tsada.