Rishon lantarki ya daina zafi: daga ina ake fara duba shi?

An kunna risho amma bai yi ɗumi ko kaɗan ba. Me ya kamata a fara dubawa?

A fara daga bango, domin sau da yawa laifin yana tsakanin soket da filogi, kuma an sha kwance risho mai lafiya a banza. A jona dutsen guga a soket ɗin don a tabbatar da akwai wuta, sannan a zare filogin a dube shi da kyau. Idan robarsa ta yi ja-ja-ja a gindin ƙafa ɗaya, ko ana jin ƙaurin ƙonewa, to akwai notin da ya saki a ciki, kuma wayar da ba ta ɗauru sosai ba zafi take yi har ta cinye kanta.

Filogi mai ƙafa uku da aka saba da shi a Najeriya yana da fiyus na amfiya 13, wanda a kan wutar bolt 230 bai wuce ɗaukar kimanin wat 3,000 ba. Risho mai kai biyu, kowanne wat 1,500, ya riga ya kai wannan iyaka idan aka kunna su tare, shi ya sa haɗa shi da butar lantarki a kan siririyar wayar jone ɗaya yake narkar da ita. Idan fiyus ya ƙone, a saka sabo irinsa. Ɗabi'ar nan ta naɗa silin waya ko takardar gwangwanin kwalin sigari a madadinsa ganganci ce, domin fiyus an yi shi ne ya ƙone kafin waya ta kama da wuta.

Ɗan jan fitilar yana kamawa, amma kai ɗaya ya ƙi zafi. Mene ne dalili?

A nan ne za a buɗe risho, bayan an zare filogin gaba ɗaya, don kashe makunni kaɗai bai wadatar ba. Yana da kyau a ɗauki hoton wayoyin da wayar hannu kafin a cire ko ɗaya. A fara da bakin wayoyin da ke shiga farantin: maiƙo da romon miya suna gangarawa can, su sa tsatsa, har wayar ta tsinke ko ta yi baƙi. Idan abin da ya faru ke nan, gyaran bai wuce yanke wurin da ya ƙone da sake ɗaurewa ba, amma da waya mai jure zafi, domin robar wayar gida narkewa za ta yi.

Idan wayoyin lafiya lau suke, sai a auna elimen, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke yin ja ta ba da zafi, da mitar masu gyara. Faranti mai wat 1,000 zai nuna kusan om 53 (om shi ne ma'aunin turjiyar waya ga wuta), mai wat 1,500 kuma kusan om 35. Idan mitar ba ta motsa ba, wayar ta tsinke a ciki, kuma farantin ƙarfe da aka rufe ba ya gyaruwa, sai dai a sauya shi da mai faɗi da ƙarfi iri ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce a tafi kasuwa da tsohon a hannu.

Yana zafi, amma ruwa sai ya daɗe bai tafasa ba. Ya lalace ne?

Ba lallai ba ne. Idan wuta ta yi ƙasa, zafin risho yana raguwa fiye da yadda mutum zai zata: wutar da ta sauka daga bolt 230 zuwa 160 tana barin sa da ƙasa da rabin ƙarfinsa. Duk wanda ya ga fanka tana juyawa da ƙyar, kada ya zargi risho. Tukunyar da gindinta ya lotse ita ma tana ɓata lokaci, tun da ba ta zauna daram a kan farantin ba.

Me ya sa ko an rage shi ba ya raguwa?

Maɓallin da ake murɗawa yana katse wuta ya sake haɗawa, wannan ne ƙas-ƙas ɗin da ake ji. Idan ƙarafan cikinsa suka manne, farantin zai tsaya a kan cikakken zafi, kuma maganinsa sabon maɓalli.

Idan wuta tana jan mutum da ya taɓa tukunya fa?

Wannan ya fi duk sauran haɗari, kuma a daina girki da shi nan take. Ma'anarsa ita ce wuta tana zurarewa zuwa jikin rishon, ko daga wayar da ta kware, ko daga elimen da ya sha danshi, sannan wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda ke kwashe wutar da ta zurare zuwa ƙasa, ba ta aiki. Akwai gidajen da ramin na uku na soket ado ne kawai, ba a haɗa masa komai ba. Tsayawa a kan katako ko sa silifas ba gyara ba ne, musamman a kicin da ƙasansa yake jiƙe. A kira mai gyaran wuta ya auna rishon da kuma wayar gidan.

Wane aiki ne bai kamata a yi shi a gida ba?

Babbar kukar girki mai kai huɗu da oba, wato wurin gashi, ba ta bi ta filogi, layinta daban take da shi daga akwatin rarraba wuta da kakkaurar waya, don haka aikin ƙwararre ce. Haka ma rishon gilashi mai aiki da maganaɗisu, wanda wasu sassansa ke riƙe caji ko bayan an zare shi. Sai dai kafin a kai wannan wurin gyara, a gwada manna maganaɗisu a gindin tukunyar: idan bai manne ba, wataƙila laifin tukunyar ne, domin tukunyar alminiyam zalla ba ya ɗumama ta ko da sabo ne fil.